Sunana a Ƙasan Allon Gareji

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina.

Da gwangwanin fenti ɗaya na fara, a gindin bishiya. Yau garejin nan nawa ne, na gina gida, na kai ki makarantar jinya, ba wanda ya ba ni ko buroshi. To yanzu wani likita da garejina ya girme shi ya ce in bar feshin mota, in bar sigari. Wai ƙananan jakunkunan iska na huhuna sun saki kamar tsohuwar balan-balan, iska ta shiga ta ƙi fita. Emfisima yake kiran abin. Ni dai na san in na sunkuya ɗaura takalmi sai na huta. Amma ba zan zauna ba.

Ki huta lafiya.
Babanki.

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Mama ta ce ran nan ka jingina da motar mutane, ka kasa ƙarasa faɗan da kake yi wa ma'aikata. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Baba, likitan na da gaskiya. Sigari ce da shaƙar ƙaurin fenti ba takunkumi suka jawo maka wannan. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma ragowar ana iya tsare shi. Ka bar wa Kawu feshin. Ka riƙa amfani da maganin shaƙar da likita ya ba ka yadda aka nuna maka, ka taka ƙafa kullum ko zuwa bakin titi ne. In haki ya taso, shaƙi iska ta hanci, ka tsuke leɓe ka fitar a hankali kamar mai fito. Na san ka hana fito a gidanmu, amma wannan dai ka yi haƙuri.

Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka.

Uwata,

Gaisuwa da godiya. Sigari na yar. Mamanki ta sha masifata a makon farko, Allah ya saka mata da alheri. Kawunki ya karɓi feshi. Hannunsa bai kai nawa ba, amma ya iya.

Jiya na taka har gareji, leɓe a tsuke. Ma'aikata suka ce, “Oga, yau kai ne da fito?” Na zage su tas, numfashi bai yanke ba. Na gode, Uwata. Ashe kuɗin makarantar nan kaina na biya wa.

Na sa a kafa allo a ƙofar ɗakin feshi: ba sigari, ba shiga sai da takunkumi. Kawunki ya ce a rubuta “umarnin likita”. Ban yarda ba. Likita bai yi hakin nan ba, ni na yi. Sunana za a rubuta a ƙasa, da manyan baƙaƙe.

Babanki.