Awa Ɗayar da Kuka Sayar Mini Tsakanin Agadas da Damagaram

Zuwa ga Mai girma Shugaban kamfanin jirgin da ke sauka Agadas,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da aiki, da fatan iyali lafiya. Ni dillalin albasa ne a unguwar Dagmanet. Buhunan albasar Tabelot da yawa sun bi ta hannuna, saboda haka in ana maganar awo, ba baƙo ba ne ni.

Ga abin da ya kawo ni.

1. Lokacin da likita ya ce matata Hajiya Rabi sai ta koma Damagaram saboda wankin ƙoda, ta ƙi. Ta ce ba ta barin tsoho shi kaɗai da tukunya. Na je ajans ɗinku inda ake sayar da tikiti, ma'aikacinku ya nuna mini allo: Agadas zuwa Damagaram, wajen awa ɗaya. Na dawo gida da wannan awa kamar na yi tsintuwa. Na ce mata kafin shayi na uku ya huce na iso. Da bakina na lallashe ta, ta tafi wurin ɗiyarmu.

2. Ranka ya daɗe, awar gaskiya ce, amma ta sama ce kawai. Ba ku auna ta ƙasa ba. Sau nawa na sayi biye, wato tikiti, na sa babbar riga, na zauna a filin jirgi da kilishi da cukun da take so, sai a fito a ce "vol reporté", wai an ɗage tafiya. Zuwa yaushe? Sai a ɗaga kafaɗa. A kasuwa mun san masu buga gindin tiyar awo ya shige ciki. Daga waje tiya ce cikakkiya, sai ka kai gida ka ga tuwon bai isa ba.

3. Za ka ce ai ga mota. Na shiga. Hanyar Aderbissinat ta karɓi yinina ta haɗa da bayana, na isa ina tafiya kamar ni ne majinyacin. Hajiya ta dube ni, ta hana ni sake biyo hanyar.

To ga ni. Gidan nan da ake jin muryarta tun daga ƙofa, yanzu sai ƙarar murfin buta. Ina wanke kofin shayi biyu don sabo, in mayar da ɗaya. In ta kira a waya ba ta yi mini gori. Tambaya kawai take ko jirgin ya tashi, muryarta kuma kullum tana ƙara sirancewa.

Roƙona kaɗan ne. Ku tsayar da rana ɗaya a mako wadda ba ta motsi, ko da kujerun ba su cika ba. In za ku fasa, ku aiko da saƙo tun kafin mutum ya rufe gidansa. In kuwa duka sun gagara, ku goge awar nan daga allo, kada wani ya sake ɗaukar ta ya yi wa matarsa alkawari.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare jiragenka, ya bar ka da uwargidanka a ɗaki ɗaya har tsufa. Kayana suna ɗaure a bakin ƙofa. Ni na ce mata awa ɗaya ce, kuma har yau ba ta daina yarda da ni ba.

Wassalam.

Alhaji Bubakar mai albasa,
Dagmanet, Agadas.