Kafaɗar Kaz

Talata, 10 ga Janairu

Mun je wurin Lauya Tolan. Tun watan Nuwamba da mutumin nan ya keta jar danja a titin Conant ya daki motarmu ta gefen mijina Kaz, ban ji bakin da ya ce masa ka yi laifi ba. Ɗan sanda ya ci shi tara, ya biya, ya koma harkarsa. Mijina kuwa ga ƙarfe a kafaɗar dama, ga shagon askinsa a garƙame.

Na ce wa lauya ƙara nake so. Ya gyara zama ya ce a Michigan kamfanin inshorarmu ne ke biyan asibiti, ko wa ke da laifi. "Misis Sobczak, ai ba a bar ku da asara ba." Na ce da ka gan ni sadaka na zo nema? So nake a tsayar da mutumin gaban alƙali ya kalli hannun nan da idonsa. Ya ce to hanya ɗaya ce, sai mun nuna raunin ya raba Kaz da rayuwar da ya saba. In ya murmure da wuri, ƙarar ba za ta yi nauyi ba.

Wato wanda ya buge ka ba a tambayarsa komai, kai da aka buge kai za ka kawo hujja. Tir.

Alhamis, 19 ga Janairu

Lauya ya kira da dokokinsa. Kada Kaz ya ɗauki kaya a waje, kada mu sa hotonsa yana dariya a intanet. Wai kamfanin inshorar wancan mutumin na iya turo wanda zai riƙa ɗaukarsa a ɓoye. Kaz har da riƙe ciki don dariya. "Regina, duk shekarun da na yi ina aski ba wanda ya ɗauke ni hoto, sai yanzu da na lalace zan yi suna." Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 25 ga Janairu

Dusar ƙanƙara tun safe. Wata mota ruwan toka a gaban wani gidan layinmu da ba kowa, injin a kunne, mutum a ciki yana shan kofi. Ashe da gaske ne.

Alhamis, 26 ga Janairu

Na dawo daga kanti na tarar da Kaz da shebur yana kwashe ƙanƙara a ƙofar maƙwabciyarmu Misis Dudek, ya kusa gamawa. Motar nan tana inda take.

Na san al'adar layinmu, ba a barin matar da mijinta ya rasu ta share ƙanƙara da kanta, kuma tun rasuwar Mista Dudek Kaz ne ke yi mata. Amma yau? Na ja shi ciki. Ya ce ai da hagu ya yi. Na ce kyamara ta san hagu da dama ne? Ya ce, "To ki ce in bar tsohuwa ta zame ta karya ƙugu don mu ci shari'a." Na ce sai ka jira ni. "Ke da ciwon bayanki?"

Ita kuma baiwar Allah ta aiko da miyar kabeji tana godiya. Na kasa ci.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Ni nake share ƙanƙarar ƙofar gidajen biyu yanzu. Bayana kamar zai rabe. Na saki labulen falo, Kaz ya ce na mayar masa da gida kurkuku.

Talata, 21 ga Fabrairu

Ranar paczki, fanken nan na 'yan Poland, layi har waje a gidan burodi kamar kowace shekara. Ina tsaye sai ga shi yana fitowa daga gidan burodin. Shi, wanda ya buge mu. Ba zan manta fuskar nan ba, na gan ta ta fasasshen gilashi, waya a hannunsa. Kwali biyu ya rungumo, ya tokare min ƙofa da ƙafa, har da murmushi. "Shigo, uwa, sanyi ya yi yawa."

Bai gane ni ba. Ta yaya zai gane ni, tunda ba wanda ya taɓa sa shi ya kalle mu? Na shiga, na kuma ce na gode. Wannan godiyar ce ke ta cina har yanzu.

Talata, 14 ga Maris

Zaman tambayoyi a ofishin lauyar kamfanin inshorar mutumin, da rantsuwa da komai. Yarinya ce, sai fara'a. Ta kunna bidiyon da suka ɗauka na Kaz da shebur, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Sannan ta shiga: kana iya sa riga da kanka? Kana iya wanka? Kai da matarka fa, a ɗaki, akwai abin da ya canja? A gabana.

Kaz kuwa, sakarai, sai alfahari yake. "Maɓalli ma ni nake sa wa kaina tun makon jiya." Ina kallon Lauya Tolan ya runtse ido.

A mota lauya ya ce ba mu faɗi ba tukuna. Abin da ya rage mana shi ne hannun ba ya wuce kafaɗa, kuma mai askin da ba ya ɗaga hannu ai sana'arsa ta tafi. Likita zai auna a watan gobe. Ya faɗe shi kamar mai yi mana albishir.

Asabar, 25 ga Maris

Kwana biyu ban tuna masa motsa hannun da mai gashin ƙashi ta ce ya riƙa yi da safe ba. Ba wani abu ba ne, ayyuka ne suka yi min yawa. Ashe yana yi ko ban faɗa ba, na ji ƙarar igiyar motsa hannun a bayan ƙofa.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Bayan mun dawo daga coci ina yanka albasa ya kira ni. "Regina, zo ki gani." Yana tsaye a ƙofar baya, a buɗe, hannun dama a miƙe, yatsunsa sun taɓa saman ƙofar. Fuskarsa ta yi ja, ido ya cika da hawaye, yana jira in ce wani abu.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sauke, wani zai gan ka."

Bai sauke nan take ba. Ya tsaya yana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a wurinsa ba. Sannan ya sauke a hankali ya ce, "Ba kowa a waje, Regina. Ke kaɗai ce."

Duk watannin nan ina ƙyamar kamfani, ina ƙyamar lauyoyi, ina ƙyamar mai kwali biyu. Yau ban san inda zan kai ƙyamar ba.

Da yamma ya ce zai buɗe shago jibi, likita ya rubuta abin da ya ga dama.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na goge masa farar rigar aiki. Da ma ina guga ne.

Ya ce yana so ya gwada hannun kafin gobe, wai gashin ƙeyata ya yi tsawo. Na zauna a kujerar kicin. Ina jin almakashin yana ɗan rawa, numfashinsa a wuyana. Waya ta yi ta ƙara cikin jaka, na san Lauya Tolan ne, amma ai ba a motsi a hannun mai aski.

Askin ya karkace kaɗan ta hagu. Na ce masa ya yi kyau.