Allunan Yumɓu a Ƙarƙashin Fitila

Litinin, 1 ga Satumba

Baki shi ke yanka wuya. Yau na yanka nawa da kaina, a gaban ma'aikatan gidan tarihi gaba ɗaya.

Darakta ta tara mu ta ce kwamiti zai zauna ranar ashirin da biyar ga wata, kuma za a rage kujeru. Dogo mai sayar da tikiti zai yi ritaya, ba za a ɗauki sabo ba, a cikinmu za a mayar da wani tagarsa. Ba ta dube ni ba, amma kowa ya san sito, inda nake aiki, ake nufi, domin nan ne mutum zai shekara ashirin ba a san abin da yake yi ba. Daga nan ta kawo zancen akwatin da matar wani marigayi likita ta ba mu kyauta, mai ɗauke da allunan yumɓu masu rubutun mutanen Sumer, wata al'umma ta zamanin da. Ta ce da akwai mai iya karanta su, da an yi musu katin bayani an fito da su zauren baƙi. Sai kawai na ji muryata tana cewa, "Ranki ya daɗe, ni ina iyawa."

Dogo ya ce, "Ikon Allah! Ashe da farfesa muke shan shayi ba mu sani ba." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "To, Malam, ka kawo mini katunan kafin zaman. Idan sito yana da aikin da babu mai iya shi sai kai, na sami abin da zan faɗa wa kwamiti."

Ba ƙarya na yi ba. Na shekara tara a kan wannan harshe, daga ƙasidun da na saya wurin mai tsofaffin littattafai. Na haddace alamomin, na zana kowacce har hannuna ya saba. Abu ɗaya ne kawai: ban taɓa riƙe allon gaske ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na buɗe akwatin. Goma sha ɗaya ne, kowanne a naɗe cikin auduga. Ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai sabulun wanka ba. Na wanke hannu, na shimfiɗa tawul, na ɗauki na farko.

Ban ga komai ba.

Wajibi ne in rubuta wannan daidai. A cikin ƙasida kowace alama baƙa ce a kan farar takarda, kai mai kusurwa uku da siririyar jela, shi ya sa ake ce masa rubutun ƙusa. Kowace ƙusa tana zaune a wurinta, da sarari tsakaninta da 'yar'uwarta. Abin da ke hannuna kuwa, kamar kaji sun yi faɗa a kan taɓo sannan ya bushe. Ko alamar tauraro, mai nufin sama, wadda zan iya zanawa ido rufe, ban same ta ba.

Na mayar da su. Na zauna ina kallon akwatin har aka tashi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wataƙila hasken sito ne bai isa ba. Na sayi fitilar tebur.

Asabar, 6 ga Satumba

Uwargida ta ga na ture kwano ban ci ba. Ta ce, "Malam, ko rasuwa aka yi maka a Sumer ɗin ba ka faɗa mana ba? Mu je gaisuwa mana."

Na faɗa mata rabin zancen, wato na tagar tikiti. Ta ce, "To tagar tikiti kabari ce? Dogo ba a can ya aurar da 'ya'yansa ba?" Gaskiyarta. Amma ita ba ta ji abin da 'yan'uwana ke cewa a bayan idona ba, cewa na bar karatun da zai amfane ni ina bin yaren matattu. Kullum amsar da nake ba kaina ita ce wata rana zai yi rana. Ga ranar ta zo, ta same ni makaho.

Sauran rabin ban iya furta shi ba.

Talata, 9 ga Satumba

Fitila ta biyu, da madubin ƙara girma. Na sa ɗaya dama ɗaya hagu, na daidaita su yadda ko ɗigon inuwa ba ya saura a kan allon. Sai ma ya ƙara zama sumul, kamar dutsen da ruwa ya wanke.

Dogo ya leƙo. "Farfesa, me Fir'auna ya ce?"

Na ce ba ƙasarsu ɗaya ba, ba rubutunsu ɗaya ba.

"Duk dai sun riga mu gidan gaskiya. Ka yi sauri, na fara share maka kujera. Ƙafarta ɗaya tana rawa, amma za ku saba."

Wasa yake yi, na sani. 

Juma'a, 12 ga Satumba

Na je wurin likitar ido. Ta gwada ni ta kowace fuska, ta ce idona ya fi na wasu samari. Allah ya yafe mini, ban ji daɗi ba. Da ta ce yanar ido ce ta fara rufe shi, da na sami takardar da zan kai wa Darakta in fita kunya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ya ce wa zai gane? A duk gidan babu wanda ya san ko alama ɗaya. Na ɗauki kati na rubuta: Addu'ar wani sarki ga abin bautarsa. Rubutun ya yi kyau, har na ja masa layi. Na rubuta na biyu: Yarjejeniyar sayar da gona.

Ina cikin na uku hannuna ya ƙi. Ba tsoron kamu ba ne kaɗai. Wani mutum ne ya zauna ya danna waɗannan alamomi, yana da abin da yake son faɗa, ni kuma zan zo bayan shekaru dubbai in cusa masa maganata a baki, ba ya da halin musu. Na yayyaga katunan. Amma ban yi alkawarin ba zan sake ba, ban san yadda ranar ashirin da huɗu za ta same ni ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Fitila ta uku, daga sama. Sito ya koma kamar ɗakin tiyata, gumi har cikin takalmi.

Darakta ta shigo ba sallama. "Yaya aiki, Malam?" Na ce ana kai. Ta dubi tarin fararen katunan, ta dubi fuskata, ta ce, "Allah ya taimaka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 17 ga Satumba

Wata dabara, ta mai nutsewa a ruwa. Idan na rubuta alamar da na sani a kan ɗanyen yumɓu, zan ga yadda kamanninta suke a can, ko idona ya koyi hanya.

Na je wurin ƙanin uwargida, mai yin tukwanen furanni. Na ce ya sam mini curi ɗaya. Ya ce, "Yaya, ko dai yayata ta kore ka ne za ka fara gina naka ɗakin? Wannan ko na kurciya ba zai yi ba." Na ce aikin ofis ne. Ya ce, "Ofishin naku ya lalace." Ya ƙunsa mini a leda, ya ƙi karɓar komai.

Alhamis, 18 ga Satumba

Da yamma a baranda. Na mulmula yumɓun na daɓe shi, na ɗauki allura na fara zana ƙusoshi kamar yadda nake yi da biro: kusurwa uku, sannan jela. Yumɓun ya riƙa tattarewa yana tashi a gefen layi. Ko kusa bai yi kama da na akwati ba. Na shafe, na sake, na shafe.

Raina ya ɓaci, na ɗauki rular katako na caka kusurwarta a ciki. Da na cire sai ga ƙusa, cikakkiya, da kanta da jelarta, a danni ɗaya. Ashe ba zana ta ake yi ba. Ƙasidar ta faɗa, na ma ja layi a ƙarƙashin wurin tun tuni, cewa da kara ake dannawa. Na karanta, ban ji ba.

Na danna tauraro, na danna alamar ruwa, na danna ta gida. Sun fito raɗau a hasken yamma. Uwargida ta ce, "Wannan kuma da rular yara?" Na ci gaba da dannawa.

Juma'a, 19 ga Satumba

Zan rubuta shi bi da bi.

Na kai allona sito domin in jera shi da na akwati in kwatanta. Na kunna fitilun uku, na ajiye shi a tsakiya. Rubutun ya ɓace. Rubutuna, wanda na danna jiya da hannuna, na san wurin kowace ƙusa, ya koma sawun kaji kamar sauran.

Na daɗe a tsaye. Sannan na kashe ta sama. Na kashe ta dama. Na kashe ta hagu. Ba abin da ya rage sai hasken 'yar tagar nan ta sama, yana shigowa a karkace ta hagun. Sai tauraron ya tashi daga cikin yumɓu kamar an kira shi.

Rami ne. Kowace ƙusa rami ce, babu tawada a cikinta, inuwa ce tawadarta. Ni kuma mako biyu ina kashe kuɗina ina korar inuwar.

Na ɗauki wani zagayayye daga akwati, mai kama da murfin kwalba babba, na karkata shi a hankali. Layi uku. A farkon kowane layi ƙusa biyu a kwance, ɗaya a tsaye ta tare su. Gish, a yarensu. Itace. Na faɗe shi da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki.

Ban sani ba ko dariya na yi ko kuka. Na dai wanke fuska kafin in fita.

Talata, 23 ga Satumba

Tsugune ba ta ƙare ba. Gani daban, karatu daban. Na kwantar da fitila ɗaya ƙasa-ƙasa ta hagu, yanzu ina ganin ƙusoshin duka, amma a yawancin allunan sun cushe, suna hawa kan juna, wasu siffofin kuma babu su a ƙasiduna sam. A ɗaya na gane tumaki da wasu lambobi. A wani na gane sunan wata. Sauran shiru.

Zagayayyen ne kaɗai ya buɗe mini. Allon makaranta ne. A fuska ɗaya malami ya rubuta sunayen itatuwa uku da hannu mai tsabta, na biyun dabino ne, na tabbata, na ukun kuwa ban gane wane itace ba ne. A bayansa ɗalibi ya kwafa, layinsa ya karkace yana gangara. A layi na uku ya ɓata, ya shafe da babban yatsa, ya sake, ya sake ɓatawa. Shatin yatsan yana nan. Na ɗora nawa a kai, ko da yake bai kamata ba.

Kwana biyu suka rage. Da yanzu ne ɗaya ga wata.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na kai katunan da safe. Ɗaya cikakke. Biyu rabi-rabi. A sauran takwas na rubuta: Ba a karanta ba tukuna.

Darakta ta jujjuya su. "Ɗaya, Malam?"

Na ce ɗaya, ranki ya daɗe, amma ɗayan gaskiya ne. Na roƙe ta wata uku. Ta ce za ta faɗa musu.

Bayan la'asar ta kira ni. Ta ce ta faɗa, har ta nuna musu zagayayyen, sun yaba, amma kati ɗaya ba ya riƙe kujera. Za a haɗe sito da sashen gyara. Ni kuma taga, daga farkon wata. Ta ce allon za a sa shi a zaure da katina yadda na rubuta shi.

Na yi godiya. Ban san dalilin da ya sa na yi godiya ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kujerar tana rawa da gaske.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ranar ba ta da jama'a. Wata dattijuwa mai sanda ta sayi tikiti, ta shiga, jim kaɗan ta dawo ta ce, "Ɗana, ku dawo mini da kuɗina. An rubuta wai akwai rubutu a jikin wani dunƙulen ƙasa, ni ban ga komai ba sai ƙuraje."

Doka ta hana barin taga. Na kulle aljihun tebur na bi ta. Na roƙi mai gadin zaure ya kashe fitilar saman gilashin, na karɓi wayarta na kunna tocila, na kwantar da hasken ta hagu. Ta matso har goshinta ya taɓa gilashi. Ta ce, "La! Ga su nan sun fito!" Na nuna mata dabino. Na nuna mata inda yaron ya shafe. Ta ce, "Allah sarki, wannan ya sha bulala ranar."

Ta nuna layi na uku da sandarta. "Wannan fa, me ya ce?"

Na ce, "Wallahi, Inna, ban sani ba."

"Au, kai ma?"

"Ni ma."

Muka yi ta dariya har mai gadi ya zo ya ce mu rage murya. Da na koma na tarar da mutum biyu suna jira a taga, ɗaya yana ƙorafi. Na ba shi haƙuri. Ina jiran baƙin cikin zaman taga ya dawo mini kamar kullum, bai dawo ba. Wataƙila gajiya ce.

Gobe zan nemi Darakta ta ara mini allon tumakin, na lokacin hutun rana kawai.