Maganin da ka ƙi sha, Yaya Kyari

Zuwa ga yayana Kyari, duk inda yake.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga ƙanwarka Fanna, daga gidanmu na unguwar Birni, Damagaram. Ina gajiya, ina baƙunta? Da wasiƙar nan tana da inda za ta same ka, da tuni na kai ta tasha na damƙa wa direba. Ba ta da shi, shi ya sa na ajiye ta inda kowa zai gani. Wanda ya ga ta yi masa tsawo ya yi haƙuri, ba da shi nake ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kawu Mele ya zo jiya da hantsi, ya ce shekarun da malamai suka ce a jira wanda ya ɓata sun cika har sun gota. Yana so ranar Juma'a a tara mutane a yi maka addu'a da sadaka irin ta mamaci, a buɗe ɗakinka a raba kaya. Inna ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi a tambayi Fanna, abin da Fanna ta ce shi ke nan. Ka ji irin kayan da aka ɗora mini, ni da ko kaza za a yanka sai na kau da kai.

Ka tuna ranar da ka kawo akwatin wasan nan da ake jonawa da tele? Na hannu ne, daga Kano, murfinsa ɗaure da roba, manet ɗaya tak, abin da ake riƙewa ana dannawa. Samarin unguwa duk ƙwallo suke bugawa a nasu. Kai ka ce ƙwallo ga ta can a fili kyauta, ka zaɓo na tsoro: mutum guda a kulle cikin wani tsohon gini, da cocila, da 'yar bindiga, da matattun da suka ƙi kwanciya.

Bayan azahar muke yi, lokacin da rana ta kore kowa daga titi, kafin ka koma butik, shagon Baba. Ka rataya bargo a taga don ɗaki ya yi duhu, mu zauna gaban tele muna zufa kamar masu suyar ƙosai. Kai ke riƙe manet, ni ke karanta Faransancin da ke fitowa, tunda ka bar lekwal, karatun boko, da wuri ka bi Baba kasuwa. Idan na ce takardar nan ta ce kada a sauka ƙasa, sai ka ce to ai ƙasan za mu. Rabin wasan ta tsakanin yatsuna nake kallonsa, amma ranar da ka kunna ba ni, kwana biyu ban yi maka magana ba.

Inna kan leƙo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin masu neman tsoro da ƙafarsu ba sai 'ya'yanta. Daɗin yana nan a bakin ƙofa, Yaya. Ka tsaya, kana jin abu yana jan ƙafa a ciki, harsashinka bai kai ya kawo ba, cocila tana lumshewa. Ka tura ƙofar, abin ya faɗo, in kurma ihu, kai ka jefar da manet, kai da kake cewa maza ba sa firgita. Daga nan sai dariya har da riƙe ciki. Jiki ya saki, mu sha ruwan randa, ka cire bargon, ga rana, ga awakin maƙwabta a kan dutse. Tsoro ne mai iyaka, mu muka kira shi, mu muke sallamarsa. Ko mu ba mu sallame shi ba, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya sallame mana shi.

Sai dai halinka guda da ya sha haɗa mu faɗa: ba ka shan magani. A wasan ana tsintar kwalaben magani jefi-jefi, in mutumin ya ji rauni ya sha ya miƙe. Kai sai tarawa. Mutuminka yana ɗingishi, yana dafe da ciki, jini har ƙasa, ina ce maka don Allah ka ba shi ko ɗaya, kai kana cewa, “A ajiye, gaba ta fi nan muni.” Sau nawa aka kashe ka da jaka cike da magani? In na yi maka gori, sai ka kawo maganar Baba, Allah ya jiƙansa, cewa ɗan kasuwa ba ya taɓa uwar kuɗi. Na ce maka wannan ba kasuwa ba ce, rowa ce, kuma kanka kake yi wa. Ka ce ƙaramar yarinya ba ta san gaba ba.

Bayan rasuwar Baba butik ya mutu a hannunka, ba don ba ka yi ƙoƙari ba. Ka bi samari zuwa arewa haƙar zinariya, ka ce damina ɗaya ce. Da farko kana kira duk Juma'a. Daga baya sai wata-wata.

Kiranka na ƙarshe ni na ɗauka. Muryarka ta dishe, kana tari tsakanin kalma da kalma, kana cewa sanyi ne kawai. Kawu Mele ya karɓi tarhon ya ce yana da aboki mai kamiyo, babbar motar kaya, da ke bin hanyar nan, kalma ɗaya zai yi masa a ɗauko ka har ƙofar gida. Ka yi masa godiya irin ta ɗan gidan mutunci, ka ce a bar alfarmar nan tukuna, ba ta kai can ba, in ta ɓaci da kanka za ka nema. Na fizge tarhon na ce na gane wannan magana, ba a wurin nan na fara jin ta ba. Ka yi dariya har tarin ya ci ƙarfinka. Wallahi har yau haushinka nake ji, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Tun daga nan shiru. Wani mutumin Dakusa da ya dawo ya ce ya gan ka da rai a wani ramin. Wani ya ce ramin ya rufta. Wani ya ce a'a, mota ce ta lalace da ku a hanya. Kowa da tasa, babu wanda ya ce ya ga fuskarka a rufe. Inna ta daina zuwa Hamdara da damina, gonar ma ta bar wa dangi, wai kada ka zo ka tarar da ƙofa a kulle. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta miƙe. In kabu-kabu ya tsaya a lungu sai ta saki abin da ke hannunta. Ta rame, Yaya, zanenta sau biyu yake zagaye ta yanzu.

Jiya bayan Kawu ya tafi na shiga ɗakinka, na kakkaɓe akwatin na jona. Ban zaci zai tashi ba, sai ga shi ya tashi. Na tarar da mutuminka inda ka bar shi, a ƙarshen wani dogon lungu, yana dafe da ciki, jaka cike. Na ɗura masa maganin nan duka, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba ya bukata. Ya miƙe tsaf. Na tura ƙofar da ke gabansa, abin ya faɗo, ko gezau ban yi ba. Hannuna bai iya manet ba, nan take aka kashe ni. Sai tele ya yi baƙi, aka rubuta da jan rubutu cewa ka mutu.

Na daɗe ina kallon rubutun nan. Ka san abin da na ji? Hassada. Su na cikin wasa an gaya musu. Mu shekara da shekaru muna tsaye a bakin ƙofa, muna jin motsi a ciki, ba ta buɗuwa, ba mai ihu, ba mai dariya, ba bargon da za a cire. Na gane babu wanda zai zo ya rubuta mana, ba jan rubutu ba baƙi. In ba wani a gidan nan ya buɗe baki ya faɗa ba, a tsaye Inna za ta ƙare. Ita ba za ta iya ba, uwa ce. Shi ya sa ta turo mini.

Da safen nan na same ta tana tsince shinkafa, na durƙusa na ce na yarda a yi ranar Juma'a. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinta, can ta ce, “To, a sayo gero, da yawa. Shi ba ya son a yi abu a ga ƙaranci.” Daga nan wani ya yi sallama a zaure, ban ga ta miƙe ba.

Idan kana raye, Yayana, ka yafe mini, ka zo ka ƙaryata ni a gaban Damagaram kaf, in sha kunyar da murna. Amma ba na jin za ka zo. Na daina jin haka tun da daɗewa, faɗa ce ban yi ba.

Duk shekarun nan addu'a ɗaya nake yi maka, Allah ya dawo da kai lafiya. Yau zan yi ɗayar, wadda bakina bai taɓa haɗawa da sunanka ba. Allah ya sa wani ya ba ka ruwa a ƙarshe, ya sa ka karɓa. Allah ya sanyaya ƙasar da ta rufe ka, ko wacce ce. Allah ya ba Inna barci.

Allah ya jiƙanka, Kyari.

Ƙanwarka,
Fanna