Takun Alfadari a Duwatsun Kolorado

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwarka? Ina fatan Inna lafiya, an kuma kwashe sha'ir kafin ruwa.

Ina nan Kolorado, a Amurka, ina yi wa wata tsohuwa, Loretta, dakon kaya. Gundumomin jihar sittin da huɗu ne, ta rantse sai ta taka wuri mafi tsayi a kowace. Wata gundumar, Baba, tudunta makiyayar shanu ce! Na ce, "Uwar ɗakina, jujin ƙauyenmu a duwatsun Atlas ya fi wannan." Ta ce, "Ɗauki jakar, sarkin baki."

Makon jiya dai bakin ya mutu. Ƙanƙara ta rufe mu a kan dutse na gaske, hanya ta ɓace. Sai na tuna faɗanka: yi takun alfadari, kada ka ɗaga ƙafa sai ɗayar ta zauna. Haka na sauko da ita lafiya. Likita ya cire min yatsun ƙafa biyu kawai, waɗanda sanyi ya kashe. Kada Inna ta ji. Takalmin ma dā matse ni yake.

Shekaru ina jin kunyar binku kai da alfadarin nan. Ka yafe min, Baba. Shi kuma a ƙara masa sha'ir.

Ɗanka,
Idir