Ciwon da Sani bai yi ba

Magarya, daren Laraba, watan Yuli 1977

Yau Sani ya faɗi gaskiya, bayan kwana da kwanaki yana ce wa maƙwabta hutu ya zo. Bai zauna jarrabawar lissafi ba a jami'a can Yamai. Wani abokinsa ya ce masa gara ya janye, ya jira zagaye na biyu bayan damina. Ashe wanda ya ƙi zama ba dalili, ba a barinsa ya shiga na biyun. Shekara ta tafi, an yanke masa bursi, kuɗin tallafin karatunsa, in ya faɗi baɗi kuma kora ce.

Da zama ya yi ya faɗi, da ni zan lallashe shi. Amma gudu ya yi.

Sai ga shi ya durƙusa yana cewa, "Inna, ki yi wa Kawu Idi magana ya rubuta mini takardar likita, a ce zazzaɓi ya kwantar da ni." Babansa har da sa baki, wai layi biyu ne kawai. Ƙanena ya jefa aikinsa na asibiti a wuta saboda rago? Ni da nake horon 'yan lakwal, ɗalibaina, a kan ƙaryar ciwon ciki?

Na ce ba zan je ba, in kuma ya bi ta bayana, ni da hannuna zan rubuta wa jami'ar. Ya yi fushi, ya ture tuwo. To, ya ci gaba da turewa. Ran da yunwa ta kayar da shi, Idi zai samu abin rubutawa na gaskiya.