Jikana Zai Shiga Sojan Ruwa

Al-Sulay, Riyad
Litinin, farkon Rajab

Zuwa ga 'yata Nazira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da abokina Maulud. Yau Litinin na tashi da sauƙi. Kumburin ƙafa ya sauka har takalmi ya shiga. Tarin ne dai yana nan, ya zama ɗan gida. Kunne kuwa kin san labarinsa tun kina ƙarama, shi ya sa nake rubutawa da hannu, maƙwabcina Ghali direba ya ɗauki hoton takardar ya tura miki. Ki daina kirana a waya kina ɗaga murya. Ni ba na ji, leburorin da ke bayan katanga ne suke kwashe sirrinmu.

Na karanta cewa fasfo ɗinki ya fito, za ki yi Umra a Sha'aban, daga nan ki biyo ta Riyad. Sai da na goge tabarau na sake karantawa. Rabona da fuskarki tun kafin ku tafi Libiya da marigayi mijinki. Ɗakina ƙarami ne, a bayan ɗakin ajiyar kayan da na yi wa gadi har ƙarfi ya ƙare. Ɗan kafilina, wato maigidan da na yi wa aiki, Allah ya saka masa, yana sabunta mini iƙama, takardar zama a ƙasar, saboda zaman da na yi da mahaifinsa. Tabarma kawai gare ni, amma na riga na aro kujera mai hannu a wurin Basudanen da ke gadin ƙofa, tunda kin ce gwiwa tana damunki.

Sai maganar da kika saka a ƙarshe, wadda ita ce ta fari a zuciyarki. Kin ce majalisar tsibirinku ta ninka kuɗin soja, an liƙa hotunan samari masu kaki a jikin motocin haya, yaron kuma yana son shiga sojan ruwa. Kin ce ya rantse ba zai sa hannu ba sai kakansa ya sa masa albarka, don haka in rubuta masa in ce ban yarda ba, magana ta mutu.

Nazira, ni ba hatimi ba ne da za a ɗauko daga aljihu a buga. Ban ji daga bakin yaron ba. A makarantar da na yi, an dake ni a kan amsa tambayar da ban karanta ba. Ki ce ya rubuto mini da kansa, ko da Hausarsa ta Turawa ce.

Kuma ban gane abin da ya ba ki mamaki ba. Ƙasa ta ce ba ta bayan kowa, ruwa ya kewaye ta ta ko'ina, sannan ki ce kada ta sayi jirgi?

Ki gaida mutanen gidanku. Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Isiyaku

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ku riƙa shan maganin tarin, ba ajiye shi a taga ba.

Baba, ku kuna jin labarin tsibirin nan daga nesa, ni a cikinsa nake wanke tsofaffi. A gidan kula da gajiyayyu da nake aiki, an rage mana ma'aikata a watan da aka ƙara wa soja kuɗi. Akwai wata tsohuwa da take yini a jiƙe saboda hannuna biyu ne. Ranar Asabar na fita tare da mutane muka tsaya a gaban majalisa da kwalaye. Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba. Dokar ƙasar nan ta ce ba za ta shiga ƙawancen yaƙin kowa ba, amma yanzu manyan hafsoshin ƙasashen waje sai shiga da fita suke yi, ana yi musu faretin girmamawa. Wanda ya sayar maka da jirgi, gobe shi zai gaya maka inda za ka tuƙa shi.

Kuma ba jiragen ceto za su saya ba. Masu gudu ne, da bindiga a goshi. Kowa a nan ya san aikinsu: su tare kwale-kwalen mutane irinmu su mayar da su inda suka fito.

Kun san yadda na shigo ƙasar nan. Kun san ruwan nan ya karɓi mahaifinsa ina kallo, da yaron a ɗaure a ƙirjina. Ban taɓa ba shi labarin ba. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa ya rasu a hanya. Tun daga ranar ban sake taka bakin teku ba, ko kifi ba na saya a can. Shi kaɗai na fito da shi, yanzu kuma in miƙa shi da hannuna?

Na tashi a bariki, ina kallon Inna tana leƙen ƙofa ko wasiƙa za ta zo daga Lebanon. Na san abin da kaki yake yi wa gida. Ban taɓa roƙonku komai ba. Yau ina roƙo.

Ku gafarce ni da abin da zan faɗa. In kuka sa masa albarka a kan wannan, zan yi Umrata in koma ta Jidda. Ba zan iya zama a gabanku in ci abinci ba.

Na gaya masa ya rubuto muku.

'Yarku,
Nazira

*

Kaka,

Salamu alaikum, tsoho mai ran ƙarfe. Mama ta ce har yanzu kana nan kana cinye dabinon Larabawa. Ka yi haƙuri da Hausata, a kicin na koye ta.

Mama tana tsammani ban san komai ba. Kaka, ina da shekara uku, amma na tuna. Na tuna sanyi. Na tuna wani mutum da safar hannu mai launin lemo ya kama ni ta wuyan riga. Ya lulluɓe ni da bargo mai ƙara kamar leda. Da na girma na je na nemi labarin ranar. Na sami mutumin, ya tsufa, yana gyaran raga a tashar jiragen kamun kifi. Ya ce mini jirgi ɗaya ke gare su mai iya fita nesa, shi ma injinsa ya mutu a hanya sai da suka tsaya gyara. Ya ce da suna da na biyu, da sun iso da rana tsaka, ba da yamma ba. Bai san yana magana a kan babana ba. Ni ma ban gaya masa ba.

Ban faɗa wa Mama ba, domin in ta ji kalmar teku sai ta tashi ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Abokaina suna cewa kuɗin banza ne, wa zai kawo wa tsibirinmu hari? Ban san siyasa sosai ba. Na dai san jirgi ɗaya bai isa ba.

Ba zan sa hannu ba sai ka ce to. In ka ce a'a, zan haƙura, amma ka gaya mini dalili, ba dalilin Mama ba, naka.

Jikanka da ya fi ka kyau,
Maulud

*

Al-Sulay, Riyad
Alhamis, ƙarshen Rajab

Zuwa ga abokina Maulud,

Wa alaikas salam. Ka fi ni kyau a ina? Na ga hotonka a wayar Ghali, kunnuwan nan nawa ne ka sata, kuma ba ka iya riƙe su ba. Jikina da dama yau.

Ka nemi dalilina, ga shi.

Ina matashin soja aka tura mu Lebanon da shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya, mu tsaya a tsakani, ba ma bayan kowa. Shingenmu yana bakin wani ƙauye mai itatuwan zaitun. Akwai wata tsohuwa da take kawo mana shayi a faranti, tana ce mana 'ya'yanta, tana cewa tunda muna nan tana barci har da minshari. Wata safiya tankoki suka taso. Abin da muke da shi bindigar kafaɗa ce da sandar shinge mai fenti ja da fari. Hafsanmu ya fita ya ɗaga hannu, ya karanta musu doka da Turanci mai kyau. Na kan tankar farko ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ka matsa, kada a taka maka ƙafa." Suka wuce. Ƙarar ranar ce ta tafi da kunnena. Tsohuwar ba ta mutu ba, amma ba ta sake kawo shayi ba, in ta zo wucewa ta gabanmu sai ta kalli ƙasa.

Tun ranar na san cewa faɗin "ba na bayan kowa" ba ya tsayar da komai in hannunka wofi ne. Mai wannan magana ya fi kowa bukatar jirginsa na kansa, domin ba shi da babban yaya da zai kira.

Amma mahaifiyarka ba ta yi ƙarya ba, kada ka raina maganarta. Masu sayar da makamai ba sa son a ƙoshi. Na yi shekaru ina gadin kaya a garin nan, na ga yadda ɗan kasuwa yake sa mutum ya sayi abin da bai zo nema ba. Kuma zai yiwu wata rana a ba ka umarni ka juya wa mutanen da ke nutsewa baya. In jirgin nan zai fita ko da kai ko ba kai, na fi son a samu mutum ɗaya a kansa wanda aka taɓa ɗagowa ta wuyan riga.

Don haka ga sharaɗina. Ranar da aka ce ka bar mutum a ruwa, ka ce a'a da babbar murya, ka cire kakin, ko da za su ɗaure ka. In ka karɓi wannan, to, je ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa hannunka ya zama na ɗagowa.

Saura abu ɗaya, kuma umarni ne daga tsohon saje. Kafin ka sa hannu, ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ka tuna. Ta ɗauki kayan nan ita kaɗai ya isa.

Kakanka,
Isiyaku

*

Al-Sulay, Riyad
Alhamis ɗin dai

Nazira,

Assalamu alaikum. Ba na so ki ji a bakin wani. Na sa wa yaron albarka.

Na karanta wasiƙarki har na haddace ta. Ghali ma ya ce mini, "Baba, ka ce a'a mana, in ta zo ta tafi sai ka canza magana." Na ce masa ban yi wa hafsa ƙarya ba ina da ƙarfi, ba zan fara da jikana ba ina jiran kabari.

Kin sa zuwanki a gefe ɗaya na sikeli, kin san nauyinsa a wurina. Babu abin da nake so a sauran kwanana kamar in ga kin shigo ƙofar nan. Amma albarka ba kayan musaya ba ce. In na hana shi don in gan ki, na sayar da shi ke nan, kuma ke ma wata rana za ki raina ni.

Ki ci gaba da fita da kwalinki. Ki matsa musu su mayar muku da ma'aikata, su faɗi abin da za su yi da kowane jirgi. Da ina da ƙafa da na riƙe miki gefe ɗaya. Ƙasar tana bukatar irinki a gaban majalisa, tana bukatar irinsa a kan ruwa.

Ranar da kika faɗa tun farko, Juma'ar tsakiyar Sha'aban, zan tura Ghali filin jirgi.

Mahaifinki,
Isiyaku

*

Al-Sulay, Riyad
Asabar, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga 'yata Nazira,

Assalamu alaikum. Yau ƙafar ta sake kumbura, da zaune na yi sallar asuba. Allah ya karɓi Umrarki.

Maulud ya rubuto cewa kun yi maganar, kin yi kuka, kin kuma goge masa rigar da ya sa ya tafi sa hannu. Na gode miki da wannan. Abin da na faɗa masa kuwa yana nan, ban janye ko harafi ɗaya ba.

Jiya na sa an kawo mangwaro daga kasuwar Aziziya, irin mai zare da kike so kina yarinya. Na sa farar rigata tun hantsi. Ghali ya tsaya a filin jirgi da sunanki a kwali har mutanen jirgin Jidda suka gama fitowa, ya jira na bayansa ma. Da ya dawo bai shigo ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

Mangwaron na raba wa leburori kafin ya lalace. Basudane ya aiko a karɓi kujerarsa, na ce ya ƙara mini kwana.

Ba ki zo ba.

Mahaifinki,
Isiyaku